Zuwa ga Baba, daga Balensiya

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ku da Inna da dukkan mutanen gida. Yaya sanyi, yaya kuma ƙarfin jiki? Auwalu ya ce gwiwar ta lafa tun da aka sauya magani, Allah Ya ƙara sauƙi. Ni ma nan lafiya lau nake, alhamdu lillahi. Na ce da shi ya bari sai bayan isha'i, an ci tuwo kowa ya natsu, sannan ya karanta muku, domin maganar da tsawo, ba irin wadda za a yi a waya layi na yankewa ba ce.

Ya shaida mini cewa rigimar ban ruwa ta sake tashi a fadama, har ranku ya ɓaci kun fara zancen sayar da gonar ku huta. Tun da na ji maganar nan take yi mini yawo a rai. Gonarku ce, Baba, ku kuka san wahalarta, ba ni da bakin yi muku musu. Roƙona kawai ku saurari labarin garin da nake zaune tukuna, tun da dama kun sha tambayata wane irin gari ne.

Balensiya tana gabashin Sifaniya, a gaɓar Bahar Rum. Ita ce birni na uku a ƙasar bayan Madrid da Barselona, mutanenta sun kai 800,000, ban da garuruwan da suka manne mata ta kowane gefe. Fili ne shimfiɗaɗɗe, babu hawa babu gangara, shi ya sa da keke nake zuwa ko'ina. Duwatsu suna can yamma, daga can kogin Turiya da ƙoramu ke gangarowa. A gaya wa Inna ta kwantar da hankalinta, ba a kan ruwa nake kwana ba. Rumawan da suka kafa garin, shekara 138 kafin haihuwar Annabi Isa alaihis salam, a bakin kogi suka kafa shi, tsakaninsa da teku akwai tafiyar wajen kilomita huɗu. Unguwar masunta da ake kira Cabanyal gari ne mai zaman kansa, sai a 1897 aka haɗe shi da birni. Akwai tashar jiragen ruwa mai girman gaske, miliyoyin kwantena ke ratsa ta a shekara, akwai kuma rairayin da baƙi ke cika shi maƙil lokacin zafi. Amma duk wanda ya zauna da 'yan asalin garin zai gane ba mutanen teku ba ne sosai. Manoma ne. Likita ne, direban bas ne, in hira ta yi nisa sai ka ji yana zancen gonar kakansa.

In ka bi titi ta arewa, bene na ƙarshe yana ƙarewa gona ke farawa, babu daji a tsakani. Lambuna ne ƙanana ƙanana sun kewaye birnin, albasa, dankalin turawa, kabeji, latas, a cire wannan a sa wancan, ƙasa ba ta zama haka nan. Kuma ba don ruwan sama ya wadace su ba. Lokacin zafi kusan ko ɗigo ba ya sauka, ɗan abin da suke samu daga Satumba zuwa Nuwamba yake fi zuwa. Duk koren nan na ban ruwa ne.

Yanzu haka a garin Alboraya nake aiki, wajen wani dattijo manomi, kuma abin da muke haƙa aya ce. Ayar nan dai da kuka sani, wadda Kawu Ila ke sarowa daga Maraɗi. Suna shuka ta a Afrilu ko Mayu a kan kunya, a ƙasa mai yashi. Maigidana ya ce iyayensu da keken doki suke ɗebo yashi daga bakin teku su zuba a gona don ƙasar ta yi laushi. Tana shan ruwa duk tsawon zafi, in Nuwamba ta yi ganyen ya bushe sai a cinna masa wuta, a share tokar, sannan inji ya shigo. Injin yana yanko ƙasar ya zuba cikin wata ganga mai huji tana juyawa, ƙasa na zubewa, aya na tafiya cikin tirela tare da tsakuwa. Daga nan sai wurin wanki, sai ɗakin shanya. A nan ne na ga haƙuri. Ba sa shanya ta a rana. A wani ɗaki na sama mai tagogi ta ko'ina ake baza ta, iska na ratsawa, ana juya ta kullum har wajen wata uku. Dattijon zai durƙusa ya ɗebo cikin tafin hannu, ya girgiza kusa da kunne ya ji ƙararta, ya ciji ɗaya, ya ce tukuna. In ta yamutse zaƙinta ya fito, sannan ya yarda a tsince a zuba a buhu.

Kunun aya suke yi da ita, suna kiransa orchata, kuma shi ne abin shan da garin ke tinƙaho da shi. A jiƙa, a markaɗa, a tace, a sa sukari, a sha da sanyi ƙarara da wani dogon burodi mai zaƙi da ake tsomawa. Babu dabino, babu kwakwa, babu citta. Na Inna ya fi shi armashi a bakina, amma ba na raina nasu. Ayar da suke nomawa ba ta isar su, shi ya sa kamfanoni ke shigo da ita daga Nijar da Burkina Faso da Mali. Ta gida kuwa hatimi gare ta na musamman, kuma ta fi tsada nesa. Ranar da na ga buhun ayar Nijar a wani sito, sai na yi ta tunanin nawa aka ba manomin da ya haƙa ta da hannu, nawa kuma ake sayar da kofi ɗaya a nan. Abin ya tsaya mini a rai.

To, ga maganar da ta sa na ɗauki biro. Ruwan da duk gonakin nan ke sha daga kogin Turiya ake tare shi, a raba shi cikin manyan magudanai, kowace magudana da jama'arta. Ba da awo tsayayye ake rabawa ba, da kaso ake rabawa. In kogi ya cika kowa ya samu da yawa, in ya ja baya kason kowa ya ragu daidai da na ɗan'uwansa. Ruwan kuma na gona ne, ba na mai gona ba, ba ka da ikon sayar da shi daban. Kowace magudana tana da mai gadi da ke bin layi yana duba wa ke da ruwa yau, wa ke da shi gobe. In ranar maigidana ta zo, ko da tsakar dare ne, sai mu tashi mu ɗaga ƙyauren ƙarfen, mu tsaya da fitila muna kallon ruwa na bin kwarin kunya, yana isa ƙarshe mu rufe, na ƙasa da mu ya karɓa.

Wanda ya saci ruwa ba ranarsa ba, ko ya bari ya malale gonar maƙwabci, ko ya ƙi yashe nasa ɓangaren, akwai inda ake kai shi. Kowace Alhamis da ƙarfe goma sha biyu na rana, ana buga ƙararrawar hasumiyar babban coci, sai manoma takwas su fito cikin baƙaƙen riguna irin na manoman da, su zauna a kan kujeru a ƙofar cocin, a waje, jama'a na tsaye suna kallo. Kowannensu manoman magudanarsa ne suka zaɓe shi, kuma dole ya kasance shi da kansa yana noma a wurin. Wani ma'aikaci riƙe da sanda mai ƙugiya yana kiran sunan magudanai ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar ko akwai wanda aka kawo ƙara. In akwai, mai gadi ya faɗi abin da ya gani, wanda ake ƙara ya kare kansa da bakinsa, babu lauya. Wakilin magudanarsa ba ya sa baki a hukuncin. Nan take ake yankewa, da harshensu na Balensiyanci, wanda ya bambanta da Sifaniyanci, kuma babu ɗaukaka ƙara. Gwamnati ta amince da hukuncinsu, UNESCO ma ta sa kotun cikin kayan gadon duniya a 2009.

Na je na gani da idona, kuma sau da yawa babu ko ƙara ɗaya, cikin 'yan mintuna an tashi. Na tambayi maigidana dalili, ya ce tarar ba wani abu ba ce, kunyar ce ba wanda ke so. A kira sunanka a tsakiyar gari kan ka cuci maƙwabci a kan ruwa? Gara ka je gidansa ranar Laraba da daddare ku daidaita.

Mutanen garin suna cewa kotun ta haura shekara dubu, tun zamanin da Musulmi ke mulkin Andalus. Sun yi ƙarnoni a nan, su suka faɗaɗa magudanan nan, ta hannunsu kuma noman shinkafa ya shigo. A 1238 Sarki Jaime na Ɗaya ya ci garin da yaƙi, aka gina babban cocin a wurin da masallacin Juma'a yake. Musulmin da suka rage suka ci gaba da noma har aka tilasta musu barin addini, daga bisani a 1609 aka loda jikokinsu a jiragen ruwa aka kai su arewacin Afirka, kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen yankin. Har yau akwai guntayen ganuwarsu a tsohon gari, sun maƙale tsakanin gidaje. In na wuce ta wurin ina yi musu addu'a. Masu mulki sun sauya, addini ya sauya, amma ba wanda ya rushe tsarin rabon ruwan, don kowa ya san da shi ake ci.

Ruwan da ke ciyar da su kuma shi ne abin tsoronsu. Ranar 14 ga Oktoba 1957 kogin Turiya ya cika ya shiga gari, ya kashe mutum fiye da 80. Sai aka yanke shawarar kawar da shi gaba ɗaya, aka haƙa masa sabuwar hanya mai faɗi ta kudancin birni. Har kan sarkin aika wasiƙa aka ƙara wa kuɗi don a biya aikin. Tsohuwar hanyar ta bushe, hukuma ta so ta shimfiɗa babban titin mota a ciki, jama'a suka ƙi, suka ce itatuwa suke so. Suka kuma yi nasara. Yau lambu ne mai tsawon wajen kilomita 9 ya ratsa birnin, tsofaffin gadoji na nan a samansa, yara na ƙwallo a inda da ruwa ke gudu. Ta nan nake bi in je sallar Juma'a.

Abin da ya faru ranar Talata 29 ga Oktoba 2024 na ba ku labarinsa a gurguje lokacin, don kada hankalin Inna ya tashi. A can wajen duwatsu aka yi ruwan, a garin Turís sai da aka auna sama da milimita 700 a yini ɗaya, fiye da abin da birnin ke samu a shekara guda. A Paiporta kuwa, da ke kudu da mu, kusan ba a yi ruwa ba. Mutane na harkokinsu da yamma, sai busasshiyar ƙoramar Poyo ta taso musu da laka da itatuwa da motoci. Saƙon gargaɗi bai shigo wayoyinmu ba sai ƙarfe 8:11 na dare, lokacin ruwa ya riga ya shiga gidaje. Fiye da mutum 220 suka rasu, da yawansu tsofaffi ne da ke zaune a ɗakunan ƙasa, wasu kuma sun sauka garejin ƙarƙashin ƙasa ne don su fitar da mota. Sabuwar hanyar kogin ta tsare tsakiyar birni, mu ko takalminmu bai jiƙe ba, alhali tsallaken gada kaɗan gari ya zama kufai.

A kwanakin da suka biyo baya na ga halin mutanen nan. An rufe hanyoyin mota, sai dubban jama'a suka riƙa tsallaka wata gadar ƙafa, kowa da tsintsiya da shebur da jarkar ruwa, su yi tafiyar awa guda ko fiye. Mu ma 'yan ɗakinmu mun bi su. Motoci sun hau kan juna a bakin lungu kamar an tara itacen girki. Gidan da muka shiga na wata tsohuwa ne, shatin ruwa a bango ya wuce kaina. Muka fito da katifa da firji da kujeru muka jibge a titi, sannan muka jeru mu shida muka riƙe ƙyauren ɗaki da ya ɓalle muna tura laka da shi zuwa bakin kwata. Warin lakar ya daɗe bai bar kayana ba. Na kusa da ni ɗalibar jami'a ce, na gaba da ita Bamaroke ne mahauci, ba wanda ya tambayi wani daga ina yake. Manoma kuma suka shigo da taraktocinsu suna janye motoci suna buɗe hanya, maigidana na cikinsu da shekarunsa. Da Sarkin Sifaniya ya zo Paiporta ranar 3 ga Nuwamba, mutane suka jefe tawagarsa da laka saboda takaicin jinkirin agaji. Ban ga laifin fushinsu ba, Baba. Da an yi gargaɗin da wuri, da wasu na nan da ransu.

Kada ku ɗauka kullum cikin jimami suke. Ban taɓa ganin masu son hayaniya irinsu ba. Daga 1 zuwa 19 ga Maris, kullum ƙarfe biyu na rana, ana tayar da albarushi a dandalin magajin gari har sai ka ji ƙasa na rawa a ƙirjinka. Bikin Fallas ke nan. Kowace unguwa da ƙungiyarta, sun haura 300, shekara guda suna tara kuɗi a gina manyan mutum-mutumi masu tsayin bene, yawanci na yi wa 'yan siyasa shaguɓe. Daren 19 ga wata sai a cinna musu wuta duka, 'yan kwana-kwana na fesa wa bangon gidaje ruwa. Ƙona dukiyar nan ba ta kwanta mini ba har yau. Abin da ya burge ni shi ne ƙungiyoyin, domin su ne dai suka zama wuraren tara abinci da tufafi lokacin ambaliya.

Abincinsu shinkafa ce, a gefen tafkin Albufera da ke kudu ake noma ta. Ranar Lahadi iyali ke haɗuwa a dafa paella a wani faffaɗan kasko, da kaza da zomo da wake, a kan itacen lemo, kuma maza ne suka fi tsayawa a kanta. Ƙanzon ƙasan kaskon shi ake rububi. In za mu yi tamu, wajen mahautan Maroko muke sayen nama saboda yanka. Da hantsi kuma duk mai aikin ƙarfi yana ajiye aiki ya ci burodi da gyaɗa da zaitun, wannan ba a taɓa shi.

Wahala kuwa akwai ta, ba zan ɓoye muku ba. Kafin in samu wannan dattijo, tsinkar lemo nake yi. Ka fito da asuba cikin sanyi, ka tsaya jiran raɓa ta bushe don ba a tsinkar jiƙaƙƙen lemo, a biya ka da yawan akwatin da ka cika, kowanne wajen kilo 20. Ranar da aka yi ruwa babu aiki babu kuɗi. Wani ɗan kwangila ya sha rage mana lissafi, ya kuma cire kuɗin mota, ya san marar takarda ba ya kai ƙara. Haya ta yi tsada ƙwarai saboda masu gidaje sun fi son ba 'yan yawon buɗe ido, kuma akwai wanda za ku gama magana a waya lafiya, yana ganin fuskarka ya ce an riga an kama ɗakin. Su Auwalu masu kallon ƙwallo sun san zagin wariyar launin fata da aka yi wa ɗan wasa Vinicius a filin Mestalla na garin nan a 2023, sun kuma san kotu ta yanke wa mutum uku hukuncin ɗaurin wata takwas a kai. Garin nan ne kuma ya karɓi jirgin ceto na Aquarius da 'yan ci-rani wajen 630 da aka ceto a teku a 2018, bayan Italiya da Malta sun hana shi tsayawa. Duka biyun halinsu ne, na ga wannan na ga wancan.

Maigidana ya taɓa kai ni La Punta, kusa da tashar jiragen ruwa, ya nuna mini inda aka tashi manoma aka rushe gidajensu don a yi wurin ajiye kaya. Ya ce an biya su, amma kuɗin ya ƙare, su kuma suna can a saman bene ba abin yi. Shi an sha taya gonarsa ya ƙi. Sai a 2018 aka yi dokar kare abin da ya rage na lambunan, bayan gine-gine sun cinye mai yawa.

Don haka nake roƙonku, Baba, don Allah a dakata da maganar sayarwa. In kuɗin fetur ne ya yi nauyi, na turo wa Yaya Sani abin da ya sawwaƙa, in mun gama aikin aya a Janairu zan ƙaro, a tambayo mini farashin injin ban ruwa mai aiki da hasken rana. Rigimar kuwa, ku ne babba a fadamar, in kun kira su za su zo. Ko za a gwada a tsayar da rana ɗaya a mako, a zaɓi mutum uku ko huɗu cikin masu noma a wurin, wanda abin ya shafi ɗan'uwansa ya koma gefe, a riƙa kashe magana tun tana ƙarama? Shawara ce kawai ta ɗa, ku kuka fi ni sanin mutanenku.

Akwai wani ɗan Zinder da zai taho nan bayan sallah, zan ba Auwalu lambarsa. In da hali Inna ta haɗo mini kuka da daddawa da yajinta, a ɗaure su sosai cikin leda biyu. Maganin gwiwa kuma kada a bari ya yanke, in ya kusa ƙarewa a faɗa mini da wuri.

Ina gaida Inna da kyau, a ce mata ina cin abinci, ina kuma sa rigar sanyi. Ina gaida Gwaggo Hajara, da Kawu Ila, da Yaya Sani da iyalinsa, da Malam Liman, a roƙa mini shi ya ci gaba da sa ni a addu'a. Auwalu ya riƙe karatunsa da kyau. Ku yafe mini in na yi tsawon baki, ku kuma sa mini albarka.

Wassalam.

Ɗanku,
Habibu